Na Gyara Abin da Bai Lalace Ba

Anti Liyatu, ki taimake ni, don takaici ya kai ni inda harshena, da bai saba rasa kalma ba, ya rasa.

Ni bakanike ne daga Maraɗi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran motoci a wani gareji da ke titin High Point Road a nan Greensboro, kuma ban taɓa mayar wa mutum mota da noti ko ɗaya a kwance ba. 'Yata Dalila tana jami'a a Boone, can cikin duwatsu, inda ta shiga ƙungiyar masu hawan tudu da ski, wato dogayen katakan nan biyu da ake zamiya da su a kan dusar ƙanƙara. Da ta zo da kayanta na ski hutun Thanksgiving, bikin godiya na mutanen nan, na ji tana gaya wa mahaifiyarta cewa sabon takalminta ba ya zama daram a mariƙinsa da ke jikin katakon, yana kwaɓewa.

Uba ya ji haka ya yi shiru? Da suka tafi kasuwa a Wendover sai na kai kayan gareji. Na tarar dunduniyar mariƙin tana ɗagawa tana komawa kamar ƙyauren da iska ke wasa da shi. Na huda, na sa ƙarfe, na ɗaure ta. Na kuma ga wata 'yar taga mai lambobi daga ɗaya zuwa goma, an tsayar a biyar. Mu da muka yi lekwal, wato boko, mun san biyar bisa goma ba abin alfahari ba ne, sai na murza har goma. Ban gaya mata ba, don ina so ta ga alherin da idonta.

Ta gani kuwa, a gindin dutse, gaban abokanta. Ta kasa taku ko ɗaya, ta dawo mota ɗauke da katakan a kafaɗa, mai koyar da su kuma ya ce wanda ya yi wannan aiki ya so karya mata ƙafa. Ni! Ni da na goya ta a jirgi tun daga Yamai!

Mako uku ke nan ba ta ɗaga wayata. Na aika mata baiti goma sha biyu ta imel, ga na farko:

Na ɗaure ƙarfe don ƙafarki ta zauna,
Kin ɗaure fuska, ina sakayyar ƙauna?

Shiru. Yanzu ta ce wa mahaifiyarta ba za ta zo Babbar Sallah ba, ga shi saura kwana tara. Ina laifina?

Bakanike Mai Takaici, Greensboro

Malam Bakanike,

Na tambayi masu sana'ar kafin in amsa maka. Dunduniyar nan da gangan aka yi ta tana ɗagawa, domin da ita ake taku a hau tudu. Sai an zo gangara ake kulle ta. Lambar kuma ba maki ba ce. Ita ke nuna ƙarfin da mariƙin zai saki takalmi idan mutum ya faɗi, kuma da nauyin mutum da tsawonsa ake auna ta. A goma, gwiwar Dalila za ta saki kafin ƙarfen ya saki. Matsalarta ta asali ƙarama ce: tsawon mariƙin bai dace da tafin sabon takalmin ba, aikin minti kaɗan a shagon ski.

Niyyarka ba ta da aibi, kuma mako uku na shiru ga uba ya yi yawa. Amma ta tsorata, ta kuma sha kunya a gaban mutane, kai kuwa ka aika mata baiti goma sha biyu. Ko akwai "na yi kuskure" a cikinsu? A wanda na gani dai, ita ka ɗora wa laifi.

Kada ka jira ta zo. Ranar Asabar ka tuƙa zuwa Boone, tafiyar awa biyu ce. Ka ba ta haƙuri da magana zalla, ba ƙafiya. Ku kai katakan da takalman duka shago, su duba ko hudar za ta toshu ko sai an sake mariƙi. Ka tsaya ka kalli yadda suke yi, ka yi tambaya, amma hannuwanka su zauna a aljihu.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ku ci naman Sallah a faranti ɗaya. Akwatin kayan aikinka kuma, ka bar shi a gareji.

Anti Liyatu