Maganar 'Yan Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ce Barira 'yar Usmanu, wadda Gure ta sani da Barira ta gidan Barmo. Ina faɗin wannan magana da hankalina garau, ba zazzaɓi, ba gigin tsufa, ba kuma wanda ya sa ni. Ƙafafu ne suka ƙi, numfashi kuma ya fara yi mini rowa, amma kan nan yana nan daram. Malam Fadilu limamin unguwarmu ke rubutawa, maƙwabcinmu Lawali na zaune shaida. Na ce wa Malam ya rubuta ta yadda ta fito daga bakina, kada ya sa mata zuma.

Zuwa ga 'ya'yana huɗu: Zulkiflu da ke aikin gwamnati a Yamai, Hamsatu da ke aure a Damagaram, Idirisa mai kanti a kasuwar Gure, da Sahabi likitan dabbobi a Bune. Huɗu na ce, huɗu kuma Malam ya rubuta. Uku na haifa, ɗaya, wato Sahabi, na shayar na rena, kuma saboda shi ne na tara mutane yau. Bai sake kwana a gidan nan ba tun ranar sunan ɗan Idirisa, ina tsoron in rufe ido ku ƙarasa rufe masa ƙofa.

1. In ta Allah ta kasance, kada a ajiye ni ana jiran motar Yamai. Likkafanina na cikin adaka, ƙarƙashin zannuwan da na zo da su daga Makka. A yi mini sutura da wuri, wanda ya iso ya iso. Ban yarda a kafa rumfunan haya da kujerun roba a tare hanya don a ce uwar manya ta rasu ba. A auna hatsi a kai gidajen da kuka sani, a kai da hannu, ba shela.

2. Ba wanda ke bina, ba na bin kowa, alhamdulillahi. Sai amana guda. Jar akuyar nan mai karyayyen ƙaho ta Nuriyya ce, matar marigayi Ɗan Talata, kiwo ta kawo mini. Ita da duk abin da ta haifa a gidan nan a mayar mata kafin a taɓa rabo. Idirisa, kai ka san su ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi mini wayon 'yan kasuwa.

3. Gado ba nawa ba ne da zan raba, Allah ya riga ya raba shi. Gidan nan, da shanun da ke wurin Mamadu makiyayi a Alakoss, da 'yan kunnena na zinariya, da abin da ya rage na garka bayan wasiyyata, malamai su raba muku ku uku yadda shari'a ta ce. Hamsatu, ki karɓi naki, kada kunyar maza ta sa ki ce kin yafe sannan ki koma ɗaki kina kuka. Na san halinki tun kina goye.

4. Shari'a ta bar mini sulusi in ba wanda ba magaji ba. Na ba Sahabi ɓangaren garka na gabas, daga rijiya zuwa gindin tudun rairayi, da dabinon da ke ciki, har da wanda ubanku ya dasa masa da hannunsa. Malam ya je ya gani, bai kai sulusi ba. Wanda ya taɓa wannan kyauta, ni da shi sai gaban Allah.

To, ku saurara in gaya muku dalili, don na lura kun girma kuna taƙama da sunan gidan Barmo ba ku san abin da ya sa sunan ke da nauyi ba.

Aba Barmo, Allah ya haskaka kabarinsa, shi ne mai arzikin da ban sake ganin irinsa ba. Raƙumansa na ɗaukar kanwa daga kwaruruwanmu zuwa Kudu, su dawo da tufafi da goro da sukari. In ayarinsa ya shigo gari, yara sai sun hau katanga su kalla. Mu 'yan gidansa nonon raƙumi muke sha da safe, tuwonmu na ninƙaya cikin man shanu, ɗakin Ya Habsu uwargidansa kuwa tun daga zaure kake jin turaren wutarsa. Ranar Salla bandir guda ake yankowa a ɗinka wa kowane yaro, a jera mana takalma sababbi ƙal. Wallahi mun ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya in ce wahala ce ta gina mu ba. Gata muka sha har muka ƙoshi.

Amma akwai masu raƙuma da yawa a lokacin, yau wa ke tuna sunansu? Abin da ya bambanta Aba shi ne wannan. Kun sani ubana Usmanu mai jan raƙumansa ne, ya rasu a hanya, uwata ta bi shi ba da jimawa ba, aka kawo ni gidan ina tatata. Ba a taɓa ɓoye mini sunan ubana ba, amma ba a taɓa tuna mini ba. Al'adar Aba ce, duk yaron da aka haifa a gidansa, ranar suna zai ɓamɓaro tsiro daga gindin dabino mai kyau ya dasa da sunan yaron. Wanda kuma aka kawo riƙo, ranar da ya shigo ake dasa nasa, a layi ɗaya da na sauran, ba a gefe ba. Nawa na tsakanin na 'ya'yansa biyu na cikinsa, har gobe yana haihuwa.

Na tuna wata shekara da mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya zo rubuta yara. Ya ga tulin yara a tsakar gida, ya tambayi Aba waɗanne ne nasa na kansa. Aba ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce masa ya je garka ya duba, duk yaron da ya gani yana cin dabino ba ya waiwaye, nasa ne. Mushe ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mu duka. Ban gane maganar ba sai da na girma na shiga gidajen wasu masu kuɗi, na ga yaran riƙo na kai loma baki suna satar kallon fuskar uwargida. Ni ban taɓa cin abinci ina kallon fuskar kowa ba. Wata rana ma na kwashi kwandon dabino guda na rabar wa ƙawayena a bakin rijiya. Da aka kai ƙarata, faɗan da Aba ya yi mini shi ne don me na ba mutane busasshe alhali ga lubiya mai taushi a rumbu.

Kada ku ɗauka sangarta mu aka yi. Ya Habsu, kai, mace ce! Ita da ke da masu aiki cike da gida, mu take tasa mu kai wa baƙi ruwa a durƙushe, mu share zaure, mu yi daka. Takan ce ɗiyar babban gida ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen zama. Ban taɓa jin ta kira mai aiki da "ke" ko "kai" kawai ba, kowa da sunansa da na ubansa. Tsohuwar da ke sayar da itace in ta shigo, tabarma ɗaya suke zama, ludayi ɗaya suke shan fura. Kullum in za a auna hatsin dare sai ta ƙara tiya guda ta baƙon da bai iso ba, kuma da wuya a kwana bai iso ba.

Da Aba ya ji tsufa, ya san ba ni da gado a dukiyarsa. Sai ya kira shaidu, ya zagaya da su garkar nan, ya ce ya ba Barira kyauta tun yana numfashi. 'Ya'yansa na ciki suna tsaye, ba wanda ya ɓata rai, babbansu ma shi ya kafa mini turakun iyaka. Ku riƙe wannan da kyau: garkar da ta ciyar da ku, ta kai Zulkiflu lakwal har Yamai, ta buɗe wa Idirisa kanti, ta yi wa Hamsatu kayan ɗaki, 'yar riƙo ce ta shigo da ita gidan ubanku.

Shi ya sa a shekarar fari ta tamanin da huɗu, da aka kawo mana jariri daga Alakoss, dabbobin iyayensa sun ƙare, uwarsa ta rasu, ban tsaya shawara da kowa ba. Idirisa na nono a lokacin, na sa ɗaya dama ɗaya hagu. Ubanku, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki gatari ya tafi garka ya dasa dabino. Sahabi ya tashi da zafin zuciya da taurin kai, na sha dukansa fiye da ku duka, shi ma ya sha mini nono fiye da ku duka. Kuma ya tashi ba ya waiwaye. Wannan ne abin da na fi alfahari da shi a duniya, ya fi mini kujerar Makka.

5. Yanzu kai, Zulkiflu. Kai ne babba, kai ne farin cikina na fari, ba ka taɓa barina da yunwa ko rashin magani ba, Allah ya saka maka. Amma ranar sunan nan ka yi ɓarna. Kuna zaune a zaure ana maganar wani ɗan kasuwa da ke son sayen garka, kana ta lissafin manyan mutanen yanzu, masu gidan bene da mota biyu, masu 'ya'ya a lakwal ta kuɗi. Sahabi ya sa baki ya ce garka ba ta sayarwa ba ce. Ka juya a gaban mutane ka ce masa wannan maganar 'yan gida ce. Ina daga ciki na ji, kamar an watsa mini ruwan zafi. Ba zagi ka yi ba, na sani, ƙila ma ka manta. Shi bai manta ba. Ya ɗauki takalmansa, ko naman suna bai ci ba.

Wa ya koya maka wannan magana? Ba ni ba, ba ubanka ba. Da Aba ya yi wa uwarka irinta, da yau kana jan raƙumin wani. Don haka ka tafi Bune da ƙafarka, ba ta salula ba, ba ta bakin Idirisa ba. Kada ka kai masa kuɗi, kada ka kai shadda, ba tsiya ke damunsa ba. Ka zauna a tabarmarsa ka ci tuwonsa, ka ce ka yi kuskure. Girmanka ba zai zube ba. Kai kuma Sahabi, in yayanka ya zo, ka sauke wannan kan naka mai kama da dutse. Na san ka, sai ka bar mutum ya yi ta magana kana kallon ƙasa. Ka tashi ka tarbe shi.

6. Garka, ba ni da ikon hana ku sayar da rabonku, amma ina roƙonku kada ku yi. Ku ci gaba da kafa shinge a kan tudu don rairayi kada ya cinye kwarin. Dabinon da ya faɗo ƙasa na mai wucewa ne, haka muka tarar, kada a kori kowa. Duk jikan da aka haifa a dasa masa nasa, duk yaron da ɗayanku ya ɗauko riƙo a dasa masa a layi ɗaya.

7. Jikokina, ku ba su gata iyakar ƙarfinku, ku kai su lakwal mai kyau, ku sai musu abin da ido ke so, ban hana ba. Amma na ga 'yar Zulkiflu ta miƙa wa mai aikinsu kofi ba ta ko dube ta ba, abin ya tsaya mini a rai. Ku riƙa kawo su Gure lokacin hutu su ɗebo ruwa, su gaida tsofaffi a durƙushe, su san sunan maƙwabci. Kuɗi kowa na iya samu, na ga wanda ya kwana matalauci ya tashi da mota. Hali kuwa sai an zauna an koya wa yaro, kuma da wuri ake farawa.

Na yafe muku duka, duniya da lahira, ku ma ku yafe mini faɗana, na san bakina ba ya da linzami. Allah ya yi maka albarka Zulkiflu, ya kare ka daga sharrin kujera. Allah ya yi miki albarka Hamsatu, ya sanyaya miki gidanki. Allah ya yi maka albarka Idirisa, ya sa wa kasuwarka albarka. Allah ya yi maka albarka Sahabi, ya huce maka zuciya. Ku riƙe salla, ku riƙe zumunci, ku taru a gidan nan kowace Babbar Salla ku ci a akushi ɗaya, ku huɗu.

Saura magana guda, ita ce ta hana ni barci. Da Sahabi ya ji jikina ya tsananta, ya zo gaishe ni. Yaron da ke faɗowa ɗakina ba ko gyaran murya, ya buɗe tukunya ya ci a tsaye, sai na ji shi a bakin zaure yana sallama, yana jira a ce masa ya shigo. Ciwon nan bai taɓa sa ni hawaye ba, ranar na yi. Ku gyara wannan tun ina da sauran numfashi, ina so in ji shigowarsa da kunnena. In kuwa Allah bai nufa ba, har ranar zaman makokina ɗana ya tsaya a ƙofar gidan uwarsa yana jiran izini, to ku raba shanu da zinariya yadda kuka ga dama, amma kada wani cikinku ya sake cewa shi jikan gidan Barmo ne.

Allah shi ne shaida a kan abin da na faɗa. Malam, ajiye alƙalami, a shafa fatiha.