Wane Ne Yohanna?

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa, ke da ba ki taɓa yarda da zama ba.

Mama, shagonki na sola yana nan a Kafanchan, amma ya gaji. Batura sun tsufa, 'yan matan da kika koya wa aiki sun fara zamewa Abuja aikatau. In ban samu jari kafin damina ba, zan rufe.

Wata ƙungiya tana tallafa wa mata masu sana'ar fasaha. Sun nemi rajista da asusun banki, duk muna da su. Babban sharaɗinsu shi ne sana'ar ta zama ta mace da gaske, don maza sun saba laɓewa bayan matansu su kwashe tallafin. Ban ga laifinsu ba.

Ma'aikaciyarsu ta ga "Yohanna Sola" a takardunmu. Ta tambaye ni wane ne Yohanna, mijina ne ko wana, me ya hana shi zuwa da kansa. Ta yaya zan gaya wa baƙuwa cewa ɗan farinki ne, yana kwance bayan coci tun bai fara tafiya ba?

Na tuna ranar da aka rubuta allon shagon. Kika ce wa mai fenti, "Sa Yohanna. Duk wanda ya zo cajin waya, sai ya kira mini shi." Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Ni ce ke riƙe miki tsani kina hawa rufin mutane da zani ɗaure tamau, amma shi ne a allo.

Masu tallafin sun ce in cire sunan in sa nawa. Na sayi fenti, na hau tsanin nan, hannuna ya ƙi. Sai na ƙara kalma ɗaya a farkon sunan: Maman. Da ita na gyara rajistar. Ko za su karɓa, ban sani ba.

Jiya wata tsohuwa daga zumuntar matan coci ta karanta allon, ta leƙo tana murmushi tana neman ki. Ni kaɗai ta tarar. Muka zauna muka yi kuka.

Ubangiji ya ba ki hutu, ya ɗora miki Yohanna a cinya. Ni kuma ya ba ni ƙarfin buɗe ƙofar nan gobe. Amin.

'Yarki mai riƙe tsani,
Rahila