Ni Na Yi Musanya, Ate Ning Ake Zagi

Tita Coring,

Don girman Allah ki agaza mini, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina rubuta ta ina yagawa. Asabar mai zuwa ana jirana a wani taro, ni kuwa kwana biyar ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Matata ta ɗauka gyambon ciki ne ya motsa, sai faten shinkafa take ta dafa mini, na kasa gaya mata ciwon ba a ciki yake ba.

Ni mai yankan fata ne a wata masana'antar takalma a nan Marikina. Shekara ashirin na yi ina zuƙar taba, kwali biyu kullum, har ta kai in zan hau benen wurin aiki sai na tsaya a tsakiya ina haki. Sigarin lantarki ne ya raba ni da ita. Na san ba kya son abin, na karanta inda kika ce mu ƙatti ne da muka koma injin feshin sauro, kuma na yi dariya don akwai gaskiya a ciki. Amma namu ba irin na kanti ba ne. Bututu ne na jan ƙarfe, tsawon tafin hannu, batir a ciki, madanni a gindi. Mu da kanmu muke naɗa wayarsa, mu cusa auduga, mu ɗiga ruwan da ke zama tururi. Mod muke ce masa, kuma duk ƙasar nan in ana maganar wanda ya iya ƙera shi, sai an ambaci Mang Celso.

Tita, da ma kin san mutumin nan. Tsohon makanikin jirgin ruwa ne, ya haura sittin, yana aiki da tsohon injin feƙe ƙarfe guda ɗaya a rumfar bayan gidansa, da singileti da silifas. Guda hamsin yake ƙerawa ya tsaya. Kowanne da lambarsa a jiki, da zanen kan ɓauna. In ka murɗa murfin nasa ba ƙara, ba cijewa, sai ka rantse a cikin mai yake tafiya. Mutane daga Jamus da Italiya suna jira wata da watanni, a zaurenmu na intanet kuwa ƙuri'a ake jefawa don a san masu saye. Ni sunana bai taɓa fitowa ba. Duk da haka kowace Asabar ina can, in kai masa burodi mai zafi, in zauna a kan bokiti ina kallon hannunsa, yana tsokanata wai na zo cinye masa kofi. Ranar da na cika shekara guda ban taɓa taba ba, sai ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini lamba talatin da ɗaya, ya ce in ɓace masa da gani kafin ya canza ra'ayi. Kyauta, Tita. A cikin keke mai ƙafa uku na yi ta share ido har gida.

To ga inda na yi wautar. A wani taron masu wannan sha'awa a Cubao na haɗu da wani mutum mai fara'a, sai pare, wato aboki, yake ce mini kamar tare muka tashi. Ya fito da wani mod ƙirar Amurka mai jikin katako, yana sheƙi, irin wanda sai a hoto nake gani. Ya ce mu yi musanya. Musanya a wurinmu kamar gaisuwa take, kowa na yi, amma kowa ya san ba a yin ta da abin da aka ba ka kyauta. Idona ya rufe. Na ce a raina Mang Celso ba zai sani ba, na miƙa.

Bayan wata huɗu sai ga na jabu daga China sun cika rumfunan kasuwar Quiapo, araha kamar a ba ka kyauta. Kan ɓaunar nan yana nan daram. Su kuwa masu kwafin nan ba sa tambayar ma'anar abu, duk abin da suka gani a jiki shi suke bugawa. Saboda haka kowane ɗaya, dubbai, lamba talatin da ɗaya ce a jikinsa. Direban jifni, motar hayarmu ta nan, na da talatin da ɗaya, mai gadin banki na da talatin da ɗaya. Ashe mutumin nan mai fara'a sayo musu samfur yake yi.

Zaure ya kama da wuta, kowa na tambayar wa ke da wannan lamba, alhali kowa ya sani. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ruga Quiapo na sayo jabun guda, na jiƙa shi da ruwan tsami da gishiri kwana biyu har ya yi duhu kamar ya sha hannu, na ɗauki hotonsa a tafina na saka a zaure. Na rubuta cewa ga nawa nan, bai taɓa barin aljihuna ba. Aka yi ta ba ni haƙuri, har da masu cewa da ma sun san ba zan aikata ba.

Ban yi tunanin in ba ni ba ne dole a nemi wani ba. Ate Ning aka samu. Ita ce mai ɗan shagon zane a bakin kasuwa, tana rubuta suna a kofunan gasa da allunan ofis, kuma ita ke zana wa Mang Celso kan ɓauna da lambobi tun farkon fara sana'arsa. Zanen yana cikin kwamfutarta, ga ƙanwarta tana aikin gida a Hong Kong, can China. Shi ke nan, aka haɗa lissafi aka yanke hukunci. Aka saka hoton shagonta, ana kiranta ɓarauniya, wani ma ya ce a tambaye ta nawa aka saye ta. Maƙera biyu da ke kai mata aiki sun janye. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gidan.

Shi kuwa Mang Celso ko tsaki bai yi ba. Ya sayo jabun da kansa, ya warware shi a gabanmu, ya ce wanda ya yanka saman nan yana da hannu, Allah ya sa ana biyansa da kyau. Abu ɗaya ya ɓata masa rai: ba su huda ƙofofin da iska ke fita ba, in batir ya yi zafi bututun zai iya fashewa a hannun mutum. Sai ya sanar cewa duk mai jabu ya kawo ya huda masa, ba ko sisi. Kin taɓa jin irin wannan? An sace masa aiki, shi kuma yana layi da mutane yana gyara wa ɓarayin kuskurensu. Aikin zane kuma bai fasa kai wa Ate Ning ba, da ƙafarsa yake zuwa da rana tsaka, ya zauna a bencinta ya ci soyayyar ayaba kowa na gani. Ya ce ba ita ba ce. Suka ce Mang Celso ai zuciyarsa ce mai taushi.

Sai ranar wanki ta zo, ranar da yake karɓar duk na asalin da ke kusa ya goge ya gyara, sau ɗaya a shekara. In ban kai ba an gane, sai na kai jabun. Ya karɓa, ya kai kusa da kunnensa, ya murɗa murfin sau ɗaya tak, ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau. Tita, da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai ya juya wa mutane baya ya ɗora shi a inji. Kusan awa guda yana kansa, ya gyara haƙoran murfin, ya huda ƙofofin, ya goge duhun ƙaryar da na yi masa. Da zai miƙo mini ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yanzu ba zai fashe maka a hannu ba. Abin da ya rage kuma ba injina zai gyara shi ba."

Asabar ɗin nan manyan zaure za su taru a gidansa su matsa masa ya rabu da Ate Ning, kuma sun ce in zo da talatin da ɗaya na gaskiya a ajiye a tebur a matsayin shaida. Shekaranjiya na bi ta gaban shagonta, na so in wuce da sauri ta kira ni. Ta naɗe mini alawar shinkafa a ganyen ayaba in kai wa yara, ta ce, "Na gode, ka ji. Kai kaɗai ne a cikinsu ban ga ka rubuta mini baƙar magana ba."

In na yi magana na rasa zaure, na rasa mutuncina, wataƙila na rasa bokitin nan da nake zama a kai. Shi da ya sani ma ya rufa mini asiri, anya ba nufinsa a bar maganar ta mutu ba? Ko in ce ba ni da lafiya in ƙi zuwa? Ki gaya mini yadda zan yi.

Mai Yankan Fata, Marikina

*

Iho, ɗana,

Ajiye faten shinkafar nan, lafiyarka ƙalau. Abin da ke hana ka haɗiya shi ne ɗan abin kirkin da ya rage maka, kuma na yi murna da yana nan.

Bari in fara da inda ba ka da laifi. Ba kai ka kafa masana'antar China ba. Da ba su samu naka ba da sun samu na wani, haka kasuwar take, kai da ke aikin takalmi a Marikina ka san sau nawa aka warware takalmi ɗan Italiya a teburinka aka zana. Har yanzu ba na ba kowa shawarar ya fara busa tururin nan, amma direban da ya sayi jabu don ya rabu da taba bai yi wa kowa laifi ba, shi kansa Mang Celso ya nuna haka da injinsa. Musanyar ma kwaɗayi ne da rashin kunya, irin wanda ake zuwa a sunkuyar da kai a ce an tuba, a yi maka faɗa, a sha kofi a wuce. Laifin da ya girma shi ne hoton. Kwana biyu ka yi kana jiƙa ƙarya a ruwan tsami, wannan ba ruɗewa ba ce, shiri ne. Ka wanke kanka, ruwan wankin ya kwarara shagon matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Wannan Mang Celso naka, na karanta labarinsa sau biyu don daɗi. Mutumin da zai yaba hannun wanda ya kwafe shi, ya damu da yatsun baƙi fiye da sunansa, ba a samun irinsa kullum. Amma ka yi masa mummunar fassara. Wanda ke son magana ta mutu ba zai ce maka akwai abin da ya rage ba. Ya bar maka ƙofa ne ka shigo da ƙafarka, don ya san in shi ya tona ka, ka gama yawo a cikin mutanen nan. Zan kuma faɗi abin da kai ba za ka iya faɗa ba: haƙurin da yake yi da kai, ba shi kaɗai yake biya ba, Ate Ning ce ke biyan mafi yawa. Ina jin shi ma ya san haka, kuma yana damunsa. Duk ranar da ka ƙara, kana sa dattijon nan zaɓi tsakanin ya kunyata ka ko ya ci gaba da kallon ana cin mutuncinta.

Batun ƙaryar ciwo ka manta da shi. In ba ka je ba hoton yana nan yana ba da shaida a madadinka. Kada ma ka jira Asabar. Ka fara gaya wa matarka, ta gaji da dafa fate a banza, kuma za ka buƙaci wanda zai tsaya kusa da kai. Daga nan sai shagon Ate Ning, kafin Mang Celso, kafin zaure, don ita aka fi cuta, bai kamata ta ji a bakin wani ba. Kada ka riƙe tsaraba, kada ka yi dogon bayani a kan mutumin Cubao. Ka ce naka ka bayar, hoton ƙarya ne, kana kallo aka zage ta ka yi shiru. In ta kore ka, ka tafi, haƙƙinta ne. Sannan ka rubuta a zauren da ka saka hoton, da sunanka, ka ambaci sunanta ka wanke ta sarai, ka kuma je wurin maƙeran nan biyu ido da ido ka roƙe su su mayar mata da aiki.

Za a zage ka, ba zan ɓoye maka ba. Wasu za su daina gaishe ka, wataƙila a fitar da kai daga zauren. Masu zafin bakin kuwa su ma su duba kansu, da ƙanwa a Hong Kong kaɗai suka yanke wa mutum hukunci. Game da dattijon, ba zan yi maka alkawari da bakinsa ba, amma mutumin da ya ɓata awa guda yana kare hannunka bayan ya gane ka yaudare shi, ban ga alamar ya gama da kai ba.

Gobe da safe ka tashi ka je. Matar nan ta riga ta gode maka sau ɗaya a kan abin da kai ka jawo mata, kada ka bari ta sake. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya mayar mata da kasuwarta, ya ƙara wa Mang Celso lafiya da hasken ido.

Tita Coring