Sauran Babi Uku a Littafin Tururuwa

Zuwa ga matar Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya.

Anti, na je ofishinsa kwashe kaya, sai na tarar da littafin tururuwan nan da yake rubuta wa yara. Babi tara ya gama, saura uku, sai 'yan bayanai da fensir a gefen takarda. Masu bugawa sun ce in shekara ta ƙare ba a kammala ba, za su haƙura da shi. Ni malamin firamare ne, gyara da jan biro kawai na iya. Ke ce marubuciya. Ga shi na haɗo miki.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Amma ka kai kaya inda ba kasuwarsa. Littattafaina takwas duk ƙagaggu ne, in na ga dama in kashe mutum a shafi na goma, in tayar da shi a na hamsin. Shekara ashirin da shida ina tsokanar yayanka, ina ce masa mai ƙirga ƙafar ƙwaro. Littattafansa biyar, ko ɗaya ban karanta har ƙarshe ba. Ya sani, bai taɓa ɗaga maganar ba. Da wane ido zan ƙarasa masa? Ambulan ɗin na kan teburinsa, ban buɗe ba.

Ka gaida gida,
Antinka

Auta,

Bayan gaisuwa. Wata biyu ka yi shiru, na san fushi ne. To, na buɗe.

Tururuwa ce ta shiga gwangwanin sukari. Na ɗauko maganin feshi, sai hannuna ya ƙi. Na durƙusa ina bin layinsu har bayan firji. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Lafiya? Ko ɗan kunne ne ya faɗi?" Yayanka ya rubuta cewa ƙanshi suke bari a hanya don na baya su bi. Na goge wurin da yatsa, sai ga su sun rikice, kowacce ta kama gabanta. Auta, dariya na yi, ta farko tun rasuwar.

Aikin da wuya. Jimla ɗaya kan cinye mini wuni, ba damar ƙarin gishiri, kuma yaro ba ya jure dogon zance. Amma yanzu da shi nake tashi. Ga babi na goma, ka karanta wa 'yan ajinka. Kada ka ji nauyina.

Antinka

Anti,

Gaisuwa da ban girma. Ba fushi na yi ba, kunyar matsa miki na ji.

Na karanta musu. A sakin layi na farko hamma suka yi ta yi, ki yanke shi. Amma da aka zo inda tururuwa ke ɗaukar 'yar'uwarsu da ta mutu su fitar da ita daga gida, kowa ya kasa kunne. Wata yarinya da ta rasa mahaifiyarta bara ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, suna kewarta?" Na yi mata alkawarin zan tambayi mai littafin.

Ki huta lafiya,
Auta

Auta,

Ka gaya mata ba mu sani ba tukuna. Da labarina ne, da na sa tururuwan kuka. Na bincika duk takardunsa, shi ma bai sani ba, don haka gaskiyar na rubuta.

Littafi ya kammala, ka zo ka karɓa. Shekaranjiya na karanta cewa sarauniyar tururuwa da kanta take cire fikafikanta kafin ta kafa gida. Na miƙe da murna ina ƙwala masa kira ya zo ya ji. Sai da na kama hannun ƙofar ɗakinsa na tuna.

Ka gaida mini yarinyar.
Antinka