Karkatacciyar Kwakwar Kakunira

Asabar, 5 ga Janairu

Matata Sobira ta ce kunnenta ya gaji, kuma na shagon shayi ma sun gaji, in sami littafi in zuba masa. To ga shi.

Ni Jaufar Idris. A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kai ya gaza ba. Shekara shida ina wanke tukwane a otal ɗin Turawa, a bakin murhu na tsinci Ingilishi da ɗan Italiyanci. Jirgina na farko ruɓaɓɓe na saye shi, da hannuna na sake masa katako. Yau jirage biyu. Masaukin baƙi mai ɗaki takwas, na farko a tsibirin nan, tun ana cewa ba Baturen da zai kwana inda ba giya. Ban ci gado ba, ba ɗan'uwa a Male babban birni, ba wanda ya ɗaga min ko da tsinke.

Sai tila. Tudun murjanin nan da ke ƙarƙashin ruwa yamma da tsibirin Kakunira, inda enmadi ke layi kamar a gidan wanzami, ƙananan kifaye na tsince musu jiki. Kifi kamar tabarma mai fukafukai, faɗinsa ya fi tsawon mutum biyu. Saboda su baƙi ke zuwa. Ni kaɗai ke kai su.

Talata, 8 ga Janairu

Majalisar tsibiri za ta kafa allo a bakin tashar jirage, da jerin wuraren kallo: tsohon masallacin dutsen murjani, tudun yashi, gaɓar kunkuru, da tila. Na ce wa Nashida sakatariya a rubuta Tilar Jaufar.

Shifaz, mai sabon masaukin nan shuɗi, ya ce, "Jaufar-be, babban yaya, teku ma an fara raba shi gado ne?" Aka yi dariya. Na ce, kokko, ƙaramin ƙane, je ka nemo ta, in ka same ta ka sa mata sunan kakarka. Shekara biyu yana yawo da waya mai taswira, bai same ta ba. Gaba shida ƙarƙashin ruwa, ba ta fi filin gida ba, ruwan wajen kuma gauraye. Ma'aikatana a bokiti suke barin wayoyinsu kafin mu tashi.

An yanke cewa ranar Alhamis 24 zan kai 'yan majalisa su gani da ido, sannan mai fenti ya rubuta. Na ce ginshiƙan allon ma ni zan kawo. Kada a ce wani ya sa hannu.

Lahadi, 13 ga Janairu

Na yi magana da mai hayar Kakunira, na tura masu sara. Na ce su zaɓo tsohuwar kwakwa mafi tsawo wadda ta daina 'ya'ya, ita ce mai ƙwarin itace. Kwana uku zan yi a Male, sayen kayan inji.

Laraba, 16 ga Janairu

Na dawo. Ginshiƙai sun tsaya, baƙaƙe wuluk, kamar ƙarfe. Kowa na yabo. Ɗayan yana da ɗan lanƙwasa a sama.

Alhamis, 17 ga Janairu

Inna lillahi.

Baƙi shida a jirgi. Alamuna biyu ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Sobira. Ta farko, ratar da ke tsakanin tsibiran kudu biyu ta rufe. Ta biyu, karkatacciyar kwakwar Kakunira ta hau kan hasumiyar masallacinmu. Inda layukan suka haɗu, nan tila take.

Rata ta rufe. Na ɗaga kai, ba kwakwa. Kan tsibirin a daidaice kamar an yi masa aski.

Awa biyu muna sama da ƙasa a kan layi ɗaya. Na ce wa baƙi igiyar ruwa ce ta juya. Na kai su gaɓar kunkuru.

Da muka shigo tasha na tsaya gaban ginshiƙin nan mai lanƙwasa. Na daɗe.

Juma'a, 18 ga Janairu

Na tare shugaban masu saran bayan masallaci. Ya ce, "Mafi tsawo ka ce, wadda ba 'ya'ya. Ko kwakwar ta ce maka wani abu ne?" Me zan ce? In na ce alamata ce, na tona kaina.

Asabar, 19 ga Janairu

Na je Kakunira na ga kututturen. Na ɗaura jan ƙyalle a gora na kafa. Daga teku ba a ganinsa, sauran itatuwa sun shanye shi. Kwakwar ta fi su da gaba uku, shi ya sa take alama.

Lahadi, 20 ga Janairu

Yau ma babu. Na yi nitso sau goma sha ɗaya, kunnena na zafi. Yashi, yashi, sai shuɗin da ba ƙasa. Wata Bajamushiya ta nuna min hoton enmadi a takardar tallata, ta ce, "Wannan fa?"

Shifaz ya ji. A shagon shayi ya ce a ƙara min gullisuwar kifi biyu a kansa, wai mai neman abin da ya ɓace yana bukatar ƙarfi. Na ci. Me zai hana?

Litinin, 21 ga Janairu

Sobira tana kankare kwakwa, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Wanda ya nuna maka yana nan a kujerar igiya."

Na ce ba wanda ya nuna min.

Ta ce, "To."

Wannan to ɗin nata.

Gaskiya, tun da littafina ne. Ina da shekara goma sha biyar na yi wata tara a jirgin Keyolu Dontuttu, wato shugaban masunta Dontuttu, ina kwasar ruwa. Da asuba kafin a fita kamun kifin tuna sai an ɗebi ƙananan kifayen koto, kuma a tilar nan yake ɗiba. A wurinsa enmadi ɓarna ce, suna tarwatsa masa koto, zaginsu yake. Wata safiya ya kama ƙeyata ya juya kaina, ya ce ga rata, ga kwakwa, ga hasumiya. Shi ke nan. Wannan ba koyarwa ba ce. Ni na ga abin da za a yi da wurin, shi shekara arba'in yana zagin dukiya.

Ya sauke ni daga jirgin a gaban mutane, don na ce mai sakandare bai kamata ya dawwama a kwasar ruwa ba. Ya ce in je sakandare ta ba ni kifi. Shekara ashirin da tara ke nan. Sallama kawai ke haɗa mu.

Talata, 22 ga Janairu

Na wuce ta gabansa sau biyu. Ban tsaya ba.

Saura kwana biyu. Nashida ta aiko tambaya, ƙarfe nawa za a tashi.

Laraba, 23 ga Janairu

Na je bayan Asuba, kafin tasha ta cika. Yana kujerarsa ƙarƙashin itacen bakin ruwa, yana taunar ganye da farar ƙasa, baki ja. Idonsa ya yi fari, bai fi ganin inuwa ba. Da tafiyata ya gane ni.

"Ɗan sakandare. An ce ka sare wa teku hanci."

Ashe ya sani. Tun ranar da aka shigo da itacen ya shafa shi, ya gane lanƙwasar. Kwana bakwai yana zaune yana jirana. Na ce, Keyolu, ba roƙo na zo ba, shawara ce. Ya ce shi ma ba sadaka zai ba ni ba, iska yake son sha. Shekara huɗu bai hau ruwa ba.

Gwiwoyinsa ba sa hawa jirgi. Sai da na goya shi. Lokacin kuma matan da ke sharar tasha sun fito, Shifaz ma yana kan babur ɗinsa. Ba nauyi, kamar ɗaurin busasshen kifi. Yana bayana yana cewa, "A hankali, jirgin nan nawa tsoho ne."

A teku ya ce in faɗa masa idan rata ta rufe. Na faɗa. Ya ce in manta da Kakunira, in dubi arewa, bakin gaɓar da ruwa ke fashewa. Akwai baƙin dutse, ƙato, wanda guguwa ta jefo tun kafin a haifi kakansa. Na gan shi. Sau dubu na gan shi. Ya ce in yi ta tafiya a hankali har dutsen ya taɓa ƙarshen farin yashin tsibirinmu.

Na ce me ya sa tun farko bai ba ni wannan ba.

"Kwakwa ta yara ce, ita ake fara ba su don tana da sauƙin gani. Dutse sai wanda ya shekara biyu. Kai wata tara ka yi."

Ya ce ba keyolun da ke rataya abincinsa a kan abu mai rai. Itace na mutuwa, ana sake hasumiya. Kowane wuri alama uku ake riƙe masa.

Dutse ya taɓa yashi. Na kashe inji, na leƙa. Tila. Enmadi huɗu, ɗaya ta taso har ta kusa shafar jirgi, farin cikinta a sama. Na ce masa huɗu ne. Ya tofa jan yawu a ruwa ya ce, "Ɓarayin koto." Amma ya sa hannu a ruwan, ya bar shi a ciki har muka tashi.

A hanyar dawowa na tambaye shi wa ya nuna masa. Ya ce kawunsa. Kawun kuma? Ya ce wa ya sani. Na ce majalisa za ta sa wa wurin suna. Ya ce shi dutse ɗaya ya rage a rubuta masa suna, na kan kabari, kuma ba zai karanta ba.

Alhamis, 24 ga Janairu

Na kai su. 'Yan majalisa biyar, Nashida da lema, Shifaz ya liƙe wai shaida. Enmadi shida. Shugaban majalisa ya shiga ruwa da rigarsa.

Na ga Shifaz ya zaro waya yana danna wurin a taswirarsa. Bokitin yana gefen ƙafata. Ban miƙa masa ba. Gajiya ce, ba wani abu ba.

Ya ce, "Jaufar-be, na yarda. A rubuta." Nashida ta buɗe littafi ta ce Tilar Jaufar ko? Na ce ta bari sai Lahadi.

Juma'a, 25 ga Janairu

Na aika wa Dontuttu kan tuna da romo. Ya aiko a ce gishiri ya yi yawa. Kwanon dai wayam ya dawo.

Lahadi, 27 ga Janairu

Jiya na kai Sobira, karonta na farko. Na nuna mata rata da dutse, na sa ta maimaita sau uku. Don kawai kada a sake irin wannan. Na kuma dasa kwakwa a gefen kututturen, ko da yake ba zan ga tsawonta ba.

Na je ofishin majalisa. Na ce wa Nashida a rubuta Tilar Dontuttu. Ta cire tabarau ta dube ni. Na ce dalilin kasuwa ne, baƙi sun fi son tsohon suna, kada ta ɗauka wani abu. Ta ce ba ta ce komai ba.

Ranar Talata zan sake fita da tsohon. Akwai wasu wurare biyu a kudu, in ji shi, in na iya riƙe bakina. Za mu gani.

Amma na gaya wa Nashida, kuma na sa ta rubuta a gabana. A ƙarƙashin sunan tsohon za a sa: Wanda ya fara kai baƙi, Jaufar Idris. Da rubutunmu da na Turawa. Fenti ɗaya, girman harafi ɗaya, ba ƙanana a lungu ba. Ginshiƙan nan nawa ne, na san abin da suka ci min. Gobe zan tsaya a kan mai fentin har ya gama. A rubuta sunana.