Dushewar Muryar Mashkura

Limawa, Dutse
14 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Addata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Jahun. Yaya zafi? Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe min da ita da kyau.

Saƙonki ya iso ta hannun direba, cewa mako uku ke nan kina kunna rediyo da ƙarfe bakwai na safe, sai ki ji wata tana karanta labarai ba ni ba. An ɗauke ni ne daga karatun. Wadda kike ji sunanta Karima, kuma ta iya.

Tun kafin azumi muryata ta fara kauri. Na ɗauka mura ce, na yi ta shan citta da zuma. Maimakon ta washe sai ta ƙara dushewa, harshena ma ya yi min nauyi. Ran nan ina tsakiyar karatu sai na tsaya, ina kallon takarda kawai, har sai da mai kula da na'ura ya ƙwanƙwasa gilashi. Washegari shugaban sashenmu, Malam Sharhabilu, ya kira ni. Cikin mutunci ya ce in koma ɗakin ajiyar kaset har maƙogwarona ya warware. Na ce to.

Abin da ya ba ni mamaki, Adda, ban ji zafi ba. Shekara bakwai ina wannan kujera, tun da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso mu daga Kano, amma na tashi kamar an ce in matsa wa wani a tabarma.

Ba muryar kaɗai ba ce. A wannan bazarar da kowa ke neman inuwa, ni da rigar sanyi nake yini. Barci nake yi a zaune. Zobena ya daina shiga, fuskata ta cika, har maƙwabta sun fara yi min barka a fakaice, alhali babu komai. Mai kitso ta nuna min gashin da ya biyo matajinta. Maigidana, Baban Ziyad, da farko cewa yake son jiki ne, yanzu kuma ya koma karɓo min rubutu. Ina sha. Ran Laraba zai kai ni asibiti.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Mashkura

Limawa, Dutse
9 ga Yuni, 1998

Addata,

Sallama da gaisuwa. Yaya damina, ruwa ya sauka a wajenku? Man shanun ya iso, Allah ya saka da alheri.

Likitar da ta duba ni 'yar Haɗeja ce, Dokta Falmata. Ta taɓa gaban wuyana, ta ba ni ruwa ta ce in haɗiye tana kallo, ta ƙirga bugun jijiyata ta ce yana tafiya a hankali. Daga nan aka ɗebi jinina. Ba a yin gwajin a nan, sai da aka aika Kano, na jira mako uku.

Takardar layi biyu ce kawai. Na sama an rubuta TSH, gabansa arba'in da takwas. Na ƙasa T4, da wata 'yar lamba ƙarama. A hanya na ce wa Baban Ziyad ai da sauƙi, tunda ko ba komai na ci ɗaya da maki mai yawa. Ashe babbar lambar ce ciwon.

Ga yadda ta bayyana min. A gaban wuya, daidai inda maƙoƙo ke fitowa, akwai wata 'yar halitta da suke kira tayirod. Ita ke zuba wa jini sinadarin da ke hura wutar jiki, shi ne T4. Shi kuwa TSH aike ne daga ƙwaƙwalwa, na cewa ta yi aiki. Ta ce, "Idan kin kira yarinya ta amsa, kira ɗaya ya isa. Idan ta yi shiru fa?" Na ce sai in ɗaga murya. Ta ce to, ga mai lafiya kiran ba ya wuce biyar, nawa ya kai arba'in da takwas, kuma duk da haka abin da ke fitowa kaɗan ne. Sanyin, barcin, gashin, muryar, har rashin damuwar nan da na gaya miki, duk daga nan suke.

Na tambaye ta gishiri mai aidin, tunda ni da bakina na sha karanta sanarwarsa. Ta ce in ci gaba da girki da shi, amma tawa halittar ce ta gaza, gishiri ba zai tashe ta ba.

Maganin wata 'yar ƙwaya ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Da asuba nake sha da ruwa zalla, in jira rabin sa'a kafin koko ko shayi. Ƙwayar ƙarin jinin da kika aiko min ta ce kada in haɗa su, sai bayan azahar. Bayan mako shida za a sake gwaji. Na ce sai yaushe zan daina? Ta ce ba ranar dainawa. Na lura Baban Ziyad ya fi ni jin wannan maganar.

Yanzu kina iya gaya wa Inna. Ki ce mata ba sammu ba ne, kuma ba wanda ya yi min baki.

Taki,
Mashkura

Limawa, Dutse
16 ga Fabrairu, 1999

Addata Safiyatu,

Assalamu alaikum. An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Ki yafe min dogon shirun, akwai abin da na ji nauyin rubutawa.

Gwaji na biyu ya sauko zuwa tara, aka ɗan ƙara min maganin. Zuwa kaka na ji ni garau. Na cire rigar sanyi, ina share tsakar gida, har faɗa na yi da mai kayan miya a kan tumatir, na dawo ina jin daɗin na iya fushi. Sai na ce ai na warke, na ajiye ƙwayar ban gaya wa kowa ba. Mako biyar. A na huɗu barcin ya dawo, a na biyar Baban Ziyad ya tsinci kwalbar a cike.

Dokta Falmata ba ta yi min faɗa ba. Ta sa aka sake ɗibar jini, da sakamako ya zo ta jera takardun uku a kan tebur, ta ce in karanta mata da kaina. Na karanta, na ga lambar ta sake hawa. Tun ranar ban sake tsallake ko ɗaya ba. Da azumi ina farkawa nake sha, kafin in ɗora sahur. Gwajin makon jiya uku ya nuna.

Muryar ta dawo, amma ba duka ba. Ta yi ƙasa, kamar ta Goggo. Likita ta ce watakila ta ƙara washewa, watakila nan ta tsaya. Malam Sharhabilu ya sa na karanta shafi guda a kaset, ya saurara sau biyu, ya ba ni taƙaitattun labaran rana na Alhamis da Asabar, waɗanda ba a faɗin sunan mai karatu. Na safe yana hannun Karima, kuma ban nema ba.

Ran Lahadi aka ƙara min shirin gaishe-gaishe. Wasiƙa ta huɗu a cikin tulin daga wani Malam Muntaka ce, manomi a Buji. Ya ce dattijuwar da ke karanta labaran rana tana ƙoƙari, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma don Allah a gaya musu ina Mashkura Bubayero, don a garinsu an ce ta rasu, idan gaskiya ne su yi mata addu'a.

Ban duba ta ba kafin in shiga, sai da na kai tsakiya na gane. Mai kula da na'ura ya ɗaga min hannu in tsallake. Na ƙarasa ta yadda ya rubuta. Sannan na ce, Malam Muntaka, Mashkura tana nan da ranta, ita ce dattijuwar, kuma addu'ar kada a fasa. Na ɗauki ta biyar.

Ki gaida Inna da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Mashkura