Madubin da Ka Aiko wa Nana

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanina Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ba ka juriyar sanyin Turkiyya, ya sa ka kammala karatun nan da daraja. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Roni a bayan babur. Geron gonarmu ta Kanya Babba ya shigo gida, ya fi na bara auki, wake ne dai tsutsa ta taɓa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Musaddiƙ, da zai taho wurinku Turkiyya, alhali muna waya duk Juma'a. Dalili shi ne, duk ranar da ka kira, kafin in gama tambayarka gida 'yata kuma 'yarka, Nana Aisha, ta karɓe wayar, ku yi ta hirar sama ina zaune kamar baƙo. Maganar da ke raina kuma ba ta gaban yara ba ce.

Ka tuna yadda kakarmu Ya Kura take zaunar da mu a tabarma bayan magariba tana nuna mana taurari? Kai barci kake yi, ni ne mai saurare. Abin da na riƙe daga bakinta shi na ba Nana tun tana shekara huɗu. A kan dutsen bayan gidanmu na nuna mata Kaza da 'ya'yanta, na nuna mata Zara matar wata, na ce mata Gamzaki shi ne mai tashin mutane da asuba. Ban yi boko mai nisa ba, ba ni da abin da zan koya mata a lissafi ko Turanci, amma sama tawa ce. Idan ƙawayenta suka yi gardama, cewa take bari Baba ya dawo.

Sai ga madubin hangen nesa da ka aiko mata da ƙaramar salla, da littafin nan mai hotuna. Wallahi na yi murna, ni na ɗaura masa ƙafafunsa da hannuna. Ba a yi sati biyu ba ta fara gyara mini magana. Ta ce Baffa ya ce Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu mai kewaya rana, haskenta ma aro ne, shi ya sa ba ta ƙyaftawa kamar sauran. Ta ce Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wani lokaci ya fito da yamma, wani lokaci da asuba. Na ce mata Ya Kura ba ta yi ƙarya ba. Sai ta tambaye ni, cikin ladabi kuwa, ko tun da Zara ta fara fitowa da yamma a watannin nan na ga Gamzaki a hanyar masallaci. Gaskiya kuwa ban gan shi ba. 'Ya'yan Kazar ma da na ce mata bakwai ne, ta ce ta ƙirga ta wuce talatin ta gaji.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru ranar taron iyaye a makarantarsu. An sa ta yi bayani a gaban jama'a, ta jera lemo da goruba da gyaɗa a kan tebur, ta nuna yadda duniyoyi suke zagaya rana, ta ambaci Mushtari mai watanni da yawa da Zuhal mai zobe. Aka yi ta tafi. Shugaban makaranta ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce Baffanta da yake Turkiyya. Ina layi na uku da sabuwar hulata. Mutane suka riƙa juyowa suna ce mini Allah ya yi wa ƙaninka albarka, ina cewa amin.

Zaharadeen, ga abin kunyar. Da muka dawo gida na kwance ɗan gilashin da ake sa ido a kai, na jefa shi a aljihun babbar rigata ta cikin akwati. Kwana biyu yarinyar nan tana nema. Ta share tsakar gida, ta zazzage buhun gawayi, ta hau dutse tana laluben tsaga-tsagansa har ta yanke a yatsa. Ba ta zargi kowa ba sai kanta. Ta ƙi cin tuwo, tana kuka tana cewa Baffa zai ce ba ta da riƙon amana. A rana ta biyu, uwarta Saude tana miƙo mini ruwan alwala ta ce ita dai ba ta taɓa ganin magidanci yana kishi da bututu ba. Ban iya kallonta ba.

Washegari da yamma, Nana tana ɗakin Inna, na ɗauki madubin na hau dutse na mayar da gilashin. Niyyata in ajiye in sauko, amma Zara tana nan a yamma, sai na ce bari in leƙa sau ɗaya. Ban ga komai ba sai hazo. Ina ta kici-kici sai na ji hannu yana murɗa wani ƙarfe a gefe. Nana ce. Ba ta tambaye ni inda aka samu gilashin ba, har yau kuma ba ta tambaya ba, wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce ta yi. Cewa kawai ta yi, "Baba, yanzu duba." Na duba, na ga Zara a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Shekara arba'in da shida ina kallonta ban san haka take ba. Na daɗe ban ɗago kai ba, don kada ta ga idona.

Kada ka zaci na warke. Jiya ma da ta ce Baffa ya ce, sai da na ji abin ya soke ni. Ina neman gafararka a kan kayanka da na ɓoye, ina kuma da roƙo guda. Idan Musaddiƙ zai dawo, ka rubuto mini abu uku ko huɗu na sama waɗanda ba ka gaya mata ba tukuna, da Hausa mai sauƙi, da lokacin da ake ganinsu da kusurwar da ake dubawa. Ka sa a ambulan da sunana, ka liƙe. Kai kana da ɗalibai a gabanka har ƙarshen rayuwarka. Ni ita kaɗai gare ni.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Saude da Shatu da Kawu Abu na Gwiwa duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Halima Sa'adiyya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Muhammad Nur.